Kafin Ka Yi Odar Lezar Ƙona Aiptasia: Jatanlande Ya Fi Ta Aiki, Kuma Ba Ya Makantar Da Kowa

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli bidiyon akwatin kifi guda ɗaya har ƙarshe a TikTok ko YouTube ya san abin da ke biyo baya. Manhajar za ta yi ta turo masa irinsa har sai ya gaji. A cikin waɗannan bidiyoyi akwai wani kala da ke tara masu kallo sosai. Za a nuna akwatin gilashi cike da ruwan teku da murjani masu launi, sai a saita wata 'yar tocila mai shuɗin haske a kan wani abu mai kama da fure da ke manne da dutse. Cikin 'yan daƙiƙu abin ya takure, ya fara tafasa, wani lokaci har a ji yana ƙara kamar ana soya gyaɗa. A ƙasan bidiyon kuma ga mahaɗar da za a latsa a sayi tocilar.

Abin da ake ƙonawa sunansa Aiptasia. Tocilar kuwa leza ce mai ƙarfin gaske, kuma tana cikin kayan fasahar da bai kamata a ce ana tallata su kamar abin wasa ba. Masu kiwon murjani a Amurka da Turai sun daɗe da sanin hanyar da ta fi ta, wato a saka wa akwatin wata halitta da Aiptasia ce abincinta. Hanyar ba ta da kyan kallo a bidiyo, tana cin makonni, kuma ita ma tana da nata tarkon. Duk da haka ta fi.

Aiptasia dabba ce, ko da yake ido na ganinta kamar tsiro. Tana cikin dangin furen teku, 'yan uwan murjani. Jikinta ruwan ƙasa ne mai haske har ana hango cikinsa, tana da gindi da take mannewa da dutse, da baki a tsakiya, da hannuwa sirara kewaye da bakin. Babu mai sayenta. Takan shigo akwati ne a ɓoye, a cikin ramin dutse ko a gindin ɗan murjanin da aka sayo daga shago. Hannuwan nata na ɗauke da ƙwayoyin harbi, kuma duk murjanin da ke kusa da ita sai ya sha harbi har ya rufe, ya rame, wani ya mutu. Ga wanda ya zuba ɗaruruwan daloli a kan murjani, ganin ƙwaya ɗaya ta Aiptasia tamkar manomi ne ya hango ƙuduji a gonar dawa.

Abin da ya sa ta gagari mutane shi ne yadda take yaɗuwa. Idan ta ɗan matsa a kan dutse, takan bar ƙananan gutsattsarin gindinta a baya, kuma kowane gutsure na iya zama sabuwar Aiptasia cikakkiya. A jikinta akwai ƙananan tsirrai masu haɗa mata abinci daga haske, don haka fitilun zamani masu tsada da aka saya domin murjani ita ma suna ciyar da ita. Ragowar abincin kifi ma nata ne. Juriyar nan ta sa masu bincike ke kiwonta da gangan a ɗakunan gwaji, suna nazarin yadda murjani ke yin fari idan teku ta ɗumama, domin ta fi murjani sauƙin rayawa nesa ba kusa ba.

To, a nan lissafin leza ya fara rushewa. Haske yana ƙona abin da ya faɗa a kai ne kawai. Da zarar Aiptasia ta ji zafi sai ta zuƙe cikin raminta, gindin kuma yana can ƙuryar da haske ba ya kaiwa. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Bayan mako biyu ko uku, wurin da aka ƙona guda ɗaya na iya fito da ƙanana uku. Masu ɗora bidiyon ba sa dawowa su nuna wannan kashi na biyu, don ba shi da masu kallo. Masu rubuta manhaja sun san irin wannan gyara sarai: a ɓoye saƙon kuskuren da ke fitowa a fuskar waya, a bar abin da ke haifar da shi a ciki, a ce an gyara. Kwana kaɗan matsalar ta ɓullo ta wata kafa.

Da a ce rashin aiki ne kaɗai laifinta, da sai a ce asarar kuɗi ce kawai. Babban abin tsoron ido ne.

A Amurka, lezar nuni da aka yarda a sayar wa kowa ba ta wuce miliwat 5 ba. Duk wadda ta haura miliwat 500 tana aji na 4, ajin da ya fi kowane haɗari, mai ƙona fata da kunna wuta. Waɗanda ake ƙona Aiptasia da su kuwa sukan kai wat ɗaya, wato miliwat 1,000, wasu sun ninka haka. Yanzu a duba inda ake saita su: gilashi. Gilashi na yau da kullum yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa daga fuskarsa ta waje kaɗai. Kashi 4 na wat ɗaya miliwat 40 ne. Ma'ana hasken da ya dawo baya kawai, wanda mai riƙe da tocilar bai san inda ya nufa ba, ya ninka iyakar da doka ta yarda da ita sau takwas. Zai iya faɗawa a idon mai shi, ko ƙaninsa da ke zaune a kujera, ko yaron da ya turo ƙofa. Ƙiftawar ido na ɗaukar kamar rubu'in daƙiƙa, leza mai wannan ƙarfi kuma ta gama ɓarnarta kafin nan. Tabon da take bari a can cikin ido sau da yawa ba ya warkewa. Garin neman gira a rasa ido, a nan ba karin magana ba ce kawai. Su kifayen da ke ciki ko fatar ido ba su da ita, balle tabarau.

Kada kuma a dogara da rubutun da ke jikin kwali. A 2013 hukumar gwaje-gwaje ta Amurka, NIST, ta auna lezar nuni 122, ta tarar kusan kashi 90 cikin 100 na masu koren haske sun saɓa ƙa'ida. Wannan ɓangaren ya shafi mai karatu ko da bai taɓa ganin murjani da idonsa ba. Akwatin ruwan teku yana son wutar da ba ta ɗaukewa ko na rabin yini, don haka masu shi a Kano ko Maraɗi ba su da yawa. Amma lezar kowa na iya yin odarta daga waya, kuma bidiyon ya riga ya koya wa matasa cewa abin burgewa ce.

Akwai hanyar da ta fi leza hankali, ita ce ta allura. Ana zuƙo wani kullu mai kauri a sirinji, irin su Aiptasia-X na kamfanin Red Sea, ko kullun Kalkwasser da masu akwati ke haɗawa da kansu, a kashe famfunan ruwa, a lallaɓa a zuba mata a baki. Idan ƙwaya biyu ko uku ne a fili, wannan ya wadatar. Amma tana da iyakar da leza ke da ita: abin da ido ya gani kawai ake kashewa. Wadda ke bayan dutse, da wadda ke cikin bututu, suna nan suna haihuwa.

Haka su ma na'urorin kula da akwati na zamani. Apex na kamfanin Neptune Systems yana auna zafin ruwa da tsaminsa da gishirinsa, ya turo wa mutum saƙo a waya idan wani abu ya kauce. Kayan aiki ne masu kyau, babu musu. Sai dai akwati na iya cika maƙil da Aiptasia alhali duk lambobin da ke manhajar suna nuna lafiya lau, domin ruwan da ya yi wa murjani daɗi ita ma ya yi mata.

Mafarauci mai rai yana da abin da duk waɗannan ba su da shi. Yana shiga rami. Yana aiki da dare. Ba ya jiran a gani.

Wanda aka fi farawa da shi wani ƙaramin jatanlande ne mai jan zane a jiki, daga dangin Lysmata, wanda ake kamowa a tekun Florida da Karibiyan, ake kuma kiwonsa. Yana da araha, yana da juriya, kuma idan aka dace yakan share ƙananan Aiptasia cikin 'yan makonni. Kalmar "idan aka dace" tana da dalili. Shekaru da yawa masu akwati suna musu, wannan ya ce nasa ya cinye tas, wancan ya ce nasa ko kallo bai yi ba. A 2006 masu bincike biyu, Andrew Rhyne da Junda Lin, suka nuna cewa abin da ake sayarwa da suna ɗaya, Lysmata wurdemanni, a gaskiya jinsuna ne da dama masu kama da juna, suka kuma ba wa sababbi suna, ciki har da Lysmata boggessi. Ashe masu musun ba dabba ɗaya suke magana a kai ba. Akwai kuma wani jatanlande mai doro a baya kamar raƙumi, shi ma ja da fari, da wasu shaguna kan sayar a madadinsa. Wannan ba ruwansa da Aiptasia, murjanin ma yake tsinka. Kamar dai cajar jabu ce a kwalin asali.

Ko na gaskiyar ma yana da halinsa. Idan ana zuba wa kifaye abinci da yawa, zai koma cin ragowa ya manta da aikin da aka kawo shi yi, domin babu mai barin tuwo a kwano ya tafi farauta. Manyan Aiptasia yakan kauce musu, sai an rage su da allura tukuna. Wani lokaci yakan saci abinci daga bakin murjani. Kuma idan akwai manyan kifaye masu cin jatanlande a akwatin, an sayo musu kalaci ne kawai.

Wanda ya fi kowa ƙwarewa ba kifi ba ne, ba kuma jatanlande ba. Wani ɗan dodon koɗin teku ne marar ɓawo, Berghia stephanieae, fari, tsawonsa bai wuce santimita biyu zuwa uku ba, bayansa cike da tsinke-tsinke masu laushi. Masanin halittun teku Ángel Valdés ne ya bayyana shi a matsayin jinsi mai zaman kansa a 2005, daga samfurin da aka samo a tsibiran Florida. Abincinsa guda ɗaya ne tak a duniya: Aiptasia. Ba ya taɓa murjani, ba ya cin abincin kifi, kuma yana cinye ta har gindi, abin da leza ta kasa. Bayan ya ƙoshi, tsinkayen bayansa kan koma ruwan ƙasa saboda abin da ya haɗiya. Kowane ɗaya namiji ne kuma mace, don haka duk biyun da suka haɗu za su iya yin ƙwai, waɗanda suke jerawa a murɗe kamar zare a ƙarƙashin dutse.

Matsalarsa ita ce yana gwada haƙurin mutum. Ana sakin 'yan ƙwayoyi a akwati, su ɓace cikin duwatsu, a yi makonni ba a ga ko ɗaya ba, domin da dare suke fitowa. Mai akwati ya fara zargin an cuce shi. Aikin gaske sai 'ya'yansu da jikokinsu sun yi yawa, abin da kan ɗauki wata biyu zuwa uku, daga nan sai a wayi gari a ga duwatsu suna ta yin fes. Ga matashin da ya saba latsa abu ya ga sakamako nan take, wata uku shekara ce. Shi ya sa lezar ke samun kasuwa.

Akwai wani kuskure da masu gaggawa ke yi, wanda duk mai rubuta manhaja zai gane shi da kallo ɗaya: su haɗa mafita biyu a lokaci guda don aiki ya yi sauri. Su saka jatanlande, su saka Berghia. Jatanlanden kuwa yana cin Berghia da ƙwansa. Kamar a ɗora manhajojin kashe bairos guda biyu a kwamfuta ɗaya ne, kowace ta ɗauki 'yar uwarta a matsayin abokiyar gaba. Sannan ranar da Aiptasia ta ƙare, Berghia yunwa za ta kashe shi. Masu akwatin da suka san ya kamata sukan tsince su kafin lokacin, su miƙa wa wani mai fama da matsalar.

Wannan taƙaita abinci da ake gani kamar rauni, shi ne ainihin abin da ake nema a wurin mafarauci, kuma Najeriya na da shaida a kan haka. Lokacin da wani ƙwaro mai farin gari a jiki ya addabi gonakin rogo a Afirka, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, ta kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Kudancin Amurka, aka fara sakinsa a Najeriya a 1981. Ya yi aiki ne saboda ƙwaron rogon kaɗai yake bi. Herren ya samu lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995 saboda wannan aiki. A ɗaya gefen kuma ga Ostireliya, wadda a 1935 ta shigo da wasu manyan kwaɗi don su cinye ƙwarin rake. Kwaɗin suka ci duk abin da ya shiga bakinsu, ƙwarin raken suka ci gaba da sha'aninsu, kuma har yau ƙasar na fama da su. An sayar da kare an sayi biri.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna kifaye, kuma a nan ne ya dace a saɓa wa shawarar da ta fi yawo a intanet. Kifin da aka fi ambata shi ne Chelmon rostratus, mai dogon baki kamar tsinke da ratsin ruwan lemo a farin jiki. Kyakkyawa ne na gaske, kuma wasunsu suna cin Aiptasia. Amma sayensa a matsayin kayan aiki zalunci ne da aka yi wa ado. Kusan duk na kasuwa daga teku ake kamo su, a yankin Indonesiya da Filifin da Ostireliya, su yi doguwar tafiya a leda. Da yawansu ba sa karɓar abincin da ake ba kifin akwati, suna ramewa a hankali har su mutu. Yana kai santimita 20, yana son akwati mai ɗaruruwan lita. Wanda ya rayu ɗin ma ba shi da tabbas: wani zai ƙyale Aiptasia ya koma kan tsutsotsin ado da kawa masu tsada. Wanda ke son kifin don kansa, yake da wurin da ya isa da lokacin koya masa cin abinci, wannan daban. Wanda kuma yake ganinsa kamar manhajar da za a sauke, ta yi aiki, a goge, gara ya bar shi a tekunsa.

Mai dama-dama a cikin kifayen shi ne Acreichthys tomentosus, wani ɗan kifi mai kaushin fata da ke sauya launi ya saje da dutse. Ba shi da kyau, amma yana da juriya, yana cin abincin akwati, kuma kamfanoni irin su ORA da Biota suna kiwonsa, ba sai an kamo daga teku ba. Aibinsa shi ne bakinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. In Aiptasia ta ƙare, ko ma kafin ta ƙare, yakan fara tsinkar murjani masu laushi. Mai akwatin da kifaye ne suka fi yawa a ciki zai ji daɗinsa. Mai tarin murjani masu tsada kuwa caca yake yi.

Duk wanda aka zaɓa, akwai tambayar da ya kamata a amsa kafin a biya kuɗi: ina za shi bayan ya gama? Leza dai ana jefa ta a durowa. Mai rai kuwa sai an ci gaba da ciyar da shi, ko a samo masa wani gida. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne sakinsa a ruwan waje. Kifin zaki, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, an fara ganinsa a gaɓar Florida a 1985, ana kuma danganta zuwansa da masu akwatin da suka saki nasu. Yau ya mamaye Karibiyan yana cinye ƙananan kifayen yankin.

Mafi yawan wannan wahala daga ƙofa take shigowa. Ruwan maganin da ake tsoma sabon murjani a ciki yana kakkaɓe tsutsotsi da ƙwari, amma Aiptasia takan tsallake shi. Masu taka-tsantsan sukan yanke murjanin daga gindin da ya zo a kai, su jefar da gindin, su manna shi a sabo, su ajiye shi a wani ƙaramin akwati na dabam na 'yan makonni kafin ya shiga babba. A nan ne wayar hannu take da aikin da ya dace da ita. Tocilarta ta isa a leƙa ramukan dutse bayan an kashe fitilu, lokacin da Aiptasia ke miƙe hannuwanta. Kyamarar ɗaukar abu kusa-kusa da ke jikin wayoyi da yawa yanzu tana nuna ƙwayar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Bayan an saki jatanlande ko Berghia kuma, hoto ɗaya a kowane mako, daga wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya, zai nuna ko adadin na raguwa tun kafin ido ya lura. Idan mako shida ya wuce da jatanlande lamba ba ta motsa ba, a rage abincin kifi, a kuma sake duba bayansa da kyau ko yana da doro.